Fitilar Gargaɗi Bayan An Fito Daga Gareji: Shin Matatar Hayaƙi Ce Ta Mutu?

Daga cikin abubuwan da ke yawan haddasa husuma tsakanin masu motoci da makanikai a garuruwan ƙasar nan, akwai wata 'yar fitila mai launin ruwan ɗorawa, mai siffar inji, wadda ke cikin jerin fitilun da ke gaban direba. Mutum ya kai motarsa gareji lafiya lau, an yi mata juye, an sake fulogogi, an ɗaure abin da ya kwance, ya biya kuɗi ya kama gabansa. Bayan kwana biyu ko uku sai fitilar nan ta kama, ta ƙi mutuwa. In aka jona na'urar bincike sai ta nuna lamba P0420, nan take a shaida masa cewa matatar hayaƙi ce ta mutu, watau abin nan da makanikai suka laƙaba wa suna indomi. Daga nan sai a ba shi zaɓi biyu: ko ya sayi wata da kuɗi masu nauyi, ko kuwa a fasa ta a kwashe abin da ke cikinta.

Mai mota yakan tafi da zargin cewa an yi masa ha'inci, makanike kuma ya rantse cewa hannunsa bai kai wurin ba. Sau da yawa kuwa dukansu biyu sun yi gaggawar yanke hukunci, gama lambar nan rahoton shaida ce kawai, kuma alƙali mai adalci ba ya yanke hukunci sai ya bincika lafiyar shaidar da kanta. Akwai hanyar bincike mai tsari wadda ke farawa daga abin da ba ya cin kuɗi zuwa abin da ke cin dukiya, kuma wanda ya bi ta yakan tsira da aljihunsa, da injinsa, da kuma mutuncin da ke tsakaninsa da makanikensa.

Abin Da Ke Cikin Tulun Nan

Duk wanda ya leƙa ƙarƙashin motar fetur ta zamani zai ga wani kumburi mai kama da tulu a jikin bututun hayaƙi, tsakanin inji da salansa. A wasu motocin ma a manne yake da inji, da an buɗe bonet za a hange shi. A cikinsa akwai wani dunƙulen tangaran mai dubban 'yan ƙananan kafofi kamar saƙar zuma, kuma wannan siffa ce ta sa aka kamanta shi da dunƙulen taliyar 'yan yara. An shafe bangon kafofin da wasu ma'adinai 3 masu daraja, watau filatinam da faladiyam da rodiyam, waɗanda duka nauyinsu bai wuce 'yan giram kaɗan ba.

Hayaƙin injin fetur yana ɗauke da guba iri 3. Akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, ita ce kuma ke halaka iyalan da suka kwana da janareta a cikin ɗaki. Akwai tururin man da bai gama ƙonewa ba. Sa'an nan akwai mahaɗan naitirojin da ke fitowa saboda tsananin zafin cikin inji, masu tsananta asma da ciwon ƙirji. Sa'ad da hayaƙi ya ratsa kafofin nan, ma'adinan sai su juya yawancin gubar ta koma tururin ruwa da iskar naitirojin da kabon dayoksaid. Matata mai lafiya tana kawar da fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗannan gubobi, amma fa da sharaɗi biyu. Na farko, sai ta ɗau zafi, gama ba ta fara aiki sosai sai ta kai wajen digiri 250 zuwa 300 a ma'aunin Selsiyas. Na biyu, sai haɗin iska da mai ya daidaita, watau awo 14.7 na iska ga awo 1 na fetur in an auna da nauyi.

Wani injiniya Bafaranshe mazaunin Amurka mai suna Eugene Houdry ya yi ƙoƙarin ƙera irin wannan na'ura domin motoci a shekarun 1950, sai dai dalmar da ake zubawa a fetur a lokacin takan kashe ta nan da nan. Bayan da Amurka ta tsaurara dokar tsabtace iska a 1970, sai yawancin sababbin motocin ƙasar suka fara fitowa da ita daga ƙirar 1975, tare da fetur marar dalma. Kamfanin Volvo na ƙasar Suwidin ya fitar da motar da ta haɗa matata mai kashe gubobin nan 3 da ma'aunin iskar oksijin na kamfanin Bosch a ƙirar 1977 ta jihar Kalifoniya. Ƙasashen Tarayyar Turai kuwa sun bi sahu da ƙa'idar da ta soma aiki a 1992.

A shekarar 1975 ɗin da Amurka ta soma wannan sauyi, a nan gida masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Fijo 504 da ta mamaye hanyoyin ƙasar nan shekara da shekaru kafireta gare ta, ba matata, ba kwamfuta, kuma a kanta ne da yawa daga cikin manyan makanikai suka koyi sana'a, suka koya wa yaransu. Kunne da hannu da hanci su ne kayan bincikensu, sun kuma ƙware ƙwarai. To, amma motocin da ake kira tokumbo ko 'yan Kwatano sun zo da wani sabon ilimi wanda kunne kaɗai ba ya isa gare shi. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya karɓar su. Da yawansu sun riga sun tsufa kafin su hau jirgin ruwa. A Amurka garantin da doka ta tilasta a kan matatar hayaƙi shekara 8 ne ko mil 80,000, wanda kuwa yawancin motocin da ke isowa Legas da Kwatano sun daɗe da wuce shi.

Yadda Mota Ke Tuhumar Matatarta

Tun daga 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka su riƙa binciken kansu da kansu bisa tsari guda, motocin fetur na Turai kuma tun daga 2001. Shi ya sa a ƙarƙashin sitiyari ake samun wata kafa mai haƙora 16 inda ake jona na'urar bincike. Abin lura shi ne, ƙwaƙwalwar mota ba ta da ido a cikin matata. Shaidu biyu take dogara da su, watau ma'aunan iskar oksijin da a gareji ake kira sansa, ɗaya a gaban matata, ɗaya a bayanta.

Sansar gaba ita ce ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ƙwaƙwalwa kuma tana ta ƙarawa da ragewa ba fasawa. Saboda haka a yawancin tsofaffin motoci wutar da sansar gaba ke bayarwa tana ta hawa da sauka tsakanin bolt 0.1 da 0.9. Ita kuwa matata mai lafiya tana ajiye iskar oksijin kamar yadda randa ke ajiye ruwa, in ta yi yawa ta haɗiye, in ta yi kaɗan ta sake. Don haka hayaƙin da ya fito ta bayanta a natse yake, sansar baya kuma takan tsaya kusan wuri ɗaya, wajen bolt 0.6 zuwa 0.7. In ƙwaƙwalwa ta ga sansar baya ta fara tsalle-tsalle irin na ta gaba, sai ta ɗauka randar ta tsage, ta rubuta P0420. A motoci masu inji jere biyu, irin su Sienna da Camry mai silinda 6, jere na biyu lambarsa P0430.

Ma'anar lambar a taƙaice ita ce, aikin matata ya gaza mizani bisa ga abin da shaidu suka faɗa. Ba ta ambaci dalili ba. Kuma duk abin da ya rikita shaidun, ko ya gurɓata hayaƙin da suke aunawa, yana iya jawo wannan lamba alhali matata tana da sauran ƙarfi.

Me Ya Sa Sai Bayan Gyara?

Ruwa ba ya tsami banza. Akwai dalilai sanannu da ke sa fitilar nan ta kama jim kaɗan bayan an fito daga gareji, kuma ba dukansu ne laifin makanike ba.

Na farko shi ne cire kan batir ko goge lambobi. A tsofaffin motoci, da zarar an cire batir sai ƙwaƙwalwa ta manta da lambobin da ta ajiye da kuma gyare-gyaren awon mai da ta koya a hankali. Ba kuwa kowane lokaci take gwada matata ba, sai inji ya yi zafi sosai kuma an yi tafiya a natse a kan buɗaɗɗiyar hanya. Har ila yau ba ta kunna fitila sai ta ga laifin a tafiya biyu a jere. Motar da ke yawo cikin cunkoson gari kawai tana iya yin kwanaki ba a kammala wannan gwaji ba. Ke nan ciwon yana iya zama tsoho, gyaran ya lulluɓe shi na ɗan lokaci, ko kuwa ya tona shi. Wannan ne ma dalilin da ya sa wanda ya sayi mota fitila a kashe yakan ga ta kama bayan mako guda, domin wasu dillalai sukan goge lambobi kafin mai saye ya iso.

Na biyu shi ne yoyon bututun hayaƙi. In aka kwance bututu domin a kai ga giya ko kuloci, ko aka ɗaga inji domin sake kujerarsa, sa'an nan aka mayar da tsohon gasket, ko wani noti bai ɗauru ba, to an bar kafa. Mutane suna tsammanin hayaƙi fita kawai yake yi ta irin wannan kafa, alhali kuwa da yake bugu-bugu yake fitowa, tsakanin bugu da bugu bututun yana zuƙo iskar waje. Iskar nan tana isa ga sansa, sai ta ba da shaidar zur ba da saninta ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na uku ya shafi sansar kanta. Wayarta tana iya taɓa bututu mai zafi ta narke, ko ruwan wankin inji ya shiga soket ɗinta, ko a musanya soket biyu wajen mayarwa, ko a sa wata wadda ba ta wannan mota ba don kawai zarenta ya shiga. Yawancin motocin Toyota da Honda na baya-bayan nan sansar gabansu wata iri ce dabam, wadda ba ta hawa da sauka kamar tsohuwar, kuma wanda bai san haka ba yana iya cewa ta mutu alhali lafiyarta ƙalau. Wani abin mamaki kuma shi ne, sabuwar sansar gaba ta ƙwarai tana iya tona asirin tsohuwar matata, gama tsohuwar sansa mai nawa ce ta daɗe tana rufa mata asiri.

Na huɗu, wanda ya fi haɗari, shi ne inji ya riƙa tsallake wuta. Jabun fulogi, ko wanda ba awon motar ba, ko kwayil da bai zauna daidai ba, suna sa silinda ta kasa ƙone manta. Ɗanyen man sai ya gangara cikin matata ya kama wuta a can. Zafin da ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 400 da 800 sai ya haura 1,000, ma'adinan su fara lalacewa, in abin ya ci gaba tangaran ɗin kansa ya narke ya toshe hanya. Saboda haka ne aka tsara cewa in fitilar tana ƙiftawa maimakon ta tsaya cak, to gargaɗi ne na gaggawa. Direban da ya ga haka ya kamata ya sassauta totur, ya nemi wurin tsayawa, kada ya ce bari ya ƙarasa Zariya tukuna.

Na biyar shi ne abin da aka zuba ko aka shafa. Baƙin mai da ya wuce alamar sama a sandar awo yana iya bi ta hanyar numfashin inji ya ƙone tare da fetur, sinadarin fosfaras da ke cikinsa kuwa yana lulluɓe ma'adinan matata kamar yadda tsatsa ke rufe ƙarfe. Gam ɗin silikon da ake laftawa a madadin gasket, in ba irin wanda aka yi domin injin zamani ba ne, tururinsa yana kashe sansa. Haka kuma robar shigar iska da aka manta ba a ɗaure ba bayan an sake matatar iska tana rikita awon mai gaba ɗaya.

Na shida kuwa shi ne wanda kowa ya fi tsoro, watau sata. Ma'adinan nan yawancinsu daga Afirka ta Kudu da Rasha ake haƙo su, kuma a watan Maris na 2021 farashin oza ɗaya na rodiyam ya kusa Dala 30,000, watau ya ninka na zinariya fiye da sau 10, ko da yake ya faɗi ƙwarai daga baya. Wannan ya sa satar matatar hayaƙi ta yawaita a Amurka da Ingila da sauran ƙasashe, a nan ma akwai masu sayen tsohuwar indomi. Lalle ana samun marasa tsoron Allah da ke farke tulun su kwashe cikinsa su mayar su yi walda. Amma zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma wannan laifi ne mai sauƙin tabbatarwa, don haka babu dalilin a tuhumi mutum kafin a duba.

Matakan Bincike Bi Da Bi

Mataki na farko shi ne a hana kowa goge lambar. Sa'ad da ƙwaƙwalwa ta rubuta laifi, takan ajiye bayanin halin da mota ke ciki a daidai lokacin, watau gudunta, da zafin injinta, da yawan juyinsa, da awon manta. Wanda ya goge kafin ya karanta ya kori shaida kafin a zauna shari'a. A rubuta dukan lambobin da suka fito a takarda, har da waɗanda ke jiran tabbaci. In tare da P0420 akwai P0300 zuwa P0306, to inji na tsallake wuta. In akwai P0171 iska ta yi yawa, in P0172 ne mai ya yi yawa. Lambobin da ke tsakanin P0130 da P0141 sansa suke nunawa, P0128 kuma tana nufin inji ba ya kai zafin da ya dace. Ƙa'ida ita ce a fara warkar da waɗannan tukuna, a bar maganar matata daga ƙarshe.

Mataki na biyu shi ne mai mota ya zauna da makanikensa cikin girmamawa, su lissafa duk abin da aka taɓa a gyaran da ya wuce, sa'an nan a bi su ɗaya bayan ɗaya. A zaro sandar baƙin mai a ga inda ya tsaya. A kwance fulogi a gwada lambarsa da wadda littafin motar ya faɗa. A duba robobin iska da soket-soket. Wannan duka bai fi aikin rabin sa'a ba, kuma ba a sayen kome.

Mataki na uku, a ɗaga mota ko a hau rami da ita bayan ta huce. A bi bututu tun daga inji har bayan sansa ta biyu ana neman baƙin tabon hayaƙi a mahaɗai, gama inda duk ke yoyo yakan bar zane. In aka tayar da inji da sanyinsa, yoyo yakan yi wata 'yar ƙara mai kama da ƙyas-ƙyas wadda ke raguwa in ƙarfe ya yi zafi ya buɗe, kuma ruwan sabulu da aka shafa a mahaɗa zai yi kumfa. A duba jikin tulun, in akwai sabuwar walda inda da babu, to magana ta fito. A ɗan bubbuga shi da hannu, in ya yi kacau-kacau kamar gwangwani mai tsakuwa, tangaran ya farfashe. In ya yi amo kamar ganga, ƙila babu kome a ciki. Akwai kuma 'yar kyamara mai dogon wuya da ake zurawa ta kafar sansa a ga cikin da ido.

Mataki na huɗu shi ne kallon shaidu suna magana. Bayan inji ya yi zafi sosai, a riƙe shi a juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti, a kalli zanen wutar sansa biyu a fuskar na'ura. In ta baya a natse take, akwai alamar matata na aiki. Domin a tabbata ba mutuwa ce ta sa ta yi shiru ba, sai a taka totur da ƙarfi a saki, lafiyayyar sansa za ta hau sama nan da nan kana ta faɗo ƙasa. A kuma duba yawan gyaran awon mai da ƙwaƙwalwa ke yi. In ya wuce kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa, akwai abin da ke damun inji wanda ya kamata a gano. Wasu suna auna zafin bakin tulun da na ƙarshensa, domin mai aiki ƙarshensa yakan fi zafi, amma wannan gwaji ƙarin haske ne kawai, ba a yanke hukunci da shi shi kaɗai.

Mataki na biyar na motar da ta rasa ƙarfi ne, wadda ke nishi a hawa, ana taka totur tana ƙin tafiya. Wannan alamar toshewa ce, ana kuma tabbatar da ita ta hanyar kwance sansar gaba a ɗaura ma'aunin matsin iska a gurbinta. Tulun da ya toshe yakan yi zafi har ya yi ja, kuma ajiye irin wannan mota a kan busasshiyar ciyawa da rani yana iya tayar da gobara.

In an gyara abin da aka samu, sai a goge lambar a hau buɗaɗɗiyar hanya a yi tafiya a natse, a maimaita cikin 'yan kwanaki, sa'an nan a sake jona na'ura a ga ko ƙwaƙwalwa ta kammala gwajin matata. Rashin ganin fitila kaɗai bai isa hujja ba sai an ga gwajin ya kammala. Ko ba a goge ba ma, fitilar takan mutu da kanta bayan tafiya 3 a jere da aka yi gwajin ba a ga laifi ba.

In Ta Tabbata Ta Mutu

Idan babu yoyo, sansa biyu lafiya, awon mai daidai, amma ta baya tana bin sawun ta gaba, to lalle matata ta gaji. A motar da ta shekara 15 ko 20 wannan ba abin mamaki ba ne. Duk da haka akwai tambayar da ta wajaba kafin a nufi Ladipo a Legas, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ita ce: tsufa ne ya kashe ta ko kuwa akwai makashi? Injin da ringinsa ya ci yana shan baƙin mai yana fitar da shuɗin hayaƙi, da wanda gasket ɗin kansa ya ƙone ruwan lagireto na shiga silinda, da wanda nozul ɗinsa ke ɗigar da mai, duk za su kashe sabuwar kamar yadda suka kashe tsohuwar. Wanda ya sake matata bai gyara waɗannan ba ya kashe maciji bai sare kansa ba.

Akwai kuma wasu al'adu na gida da ke rage mata kwana. Cire abin nan da ke tsare zafin ruwan inji, watau tamostat, tare da haɗa fanka kai tsaye, al'ada ce da ta yaɗu bisa zaton cewa ƙasar zafi ba ta bukatarsa, alhali injin da bai kai zafinsa ba yana shan mai fiye da kima yana tura ragowar cikin matata. Tayar da mota da turi, da tafiya har tanki ya ƙafe, dukansu littattafan masu ƙera motoci sun yi hani da su domin suna sa inji tsallake wuta. Sai kuma ingancin mai. Dalma dai an rabu da ita, ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da fetur mai dalma tun farkon 2006, Aljeriya kuma ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021. Amma farar wuta da ta yi yawa a mai tana dakushe aikin matata, ita ce kuma ke kawo warin ruɓaɓɓen ƙwai daga salansa. Man 'yan bumburutu da aka gauraya da kananzir ba ya ƙonewa daidai, kuma jama'a ba su manta da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol da aka shigo da shi daga Beljiyam a farkon 2022 ba.

Wajen saye kuma a tuna cewa araha ba ta ado. Sabuwar matata mai arha ƙwarai ma'adinan cikinta kaɗan ne, takan kashe fitila na 'yan watanni kana ta dawo. Ta hannu kuwa sai an haska tocila a cikinta an ga saƙar a cike take, ba narkewa, ba toshewa, kuma lambarta ta dace da motar. Yana da kyau mai mota ya karɓi tsohuwar tasa a hannunsa, domin dukiyarsa ce, kuma tana da masu saye.

Maganar Fasa Ta

Shawarar da ta fi yawo a gareji ita ce a fasa a zubar, wai mota za ta ƙara ƙarfi ta rage shan mai. Asalin wannan magana shi ne, motar da matatarta ta toshe lalle tana samun sauƙin numfashi in an buɗe hanya, sai mutane suka ɗauka kowace matata cikas ce. Lafiyayyar matata ba ta hana mota wani ƙarfin da direba zai ji a ƙafarsa, kuma cire ta ba ya warkar da ciwon da ya toshe ta. Abin da ke biyo baya shi ne fitila ta zauna a kunne har abada, sai a liƙe ta da baƙin tef, ko a cire ƙwanta, ko a sa wa sansar baya wani ɗan ƙarfe da zai janye ta daga hayaƙi domin a ruɗi ƙwaƙwalwa. An gudu daga gara ke nan an faɗa gidan zago, gama fitila ɗaya ce ke ba da labarin ɗaruruwan laifuffuka, kuma ranar da babban ciwo ya zo babu mai faɗa wa direba.

Bayan wannan akwai haƙƙin jama'a. Gubar da matata ta daina kashewa ba ta tafiya ko'ina sai cikin ƙirjin mai tallan ruwa a mahaɗar hanya, da ɗan sandan da ke ba da hannu, da ɗan acaɓan da ke biye, da yaran da ke jiran tsallaka titi zuwa makaranta. In kuma akwai ɓula a ƙasan mota ko a robar but, har iyalin mai motar da ke kujerar baya suna da rabo. Shi kansa makanike da yaransa su ne suka fi kowa shaƙar wannan hayaƙi daga safe har magariba.

Abin da ya kamaci mai tsohuwar mota shi ne ya sa a jona mata na'ura kafin a fara kowane babban gyara, a rubuta abin da aka gani a gaban kowa, domin kada a yi musu daga baya. Ya ɗauki hoton ƙarƙashin motarsa, ya nemi a nuna masa kayan da aka cire da kwalin waɗanda aka sa. Shi kuma makanike mai kishin sana'arsa ya kamata ya ɗauki wannan a matsayin kariya gare shi, ya kuma nemi ilimin karanta sansa kamar yadda magabatansa suka ƙware a kan kafireta. Ƙungiyoyin makanikai da makarantun koyon sana'a suna da rawar da za su taka wajen horar da matasa a wannan fanni, domin motocin da ke shigowa sai ƙara dogara da kwamfuta suke yi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.